Asabar Ɗin Da Ban Je Ko'ina Ba

 

Yau ba siyasa zan yi ba, ba kuma farashin masara a Tudun Hatsi ba. Wani laifi na aikata ranar Asabar ɗin da ta wuce, na ga gara in faɗa da bakina kafin a faɗa mini. Laifin kuwa shi ne na wuni a gida. Lafiyata ƙalau, mota ba ta lalace ba, ba bashi nake gudu ba. Haka kawai na tashi na ce yau ba inda za ni, kuma ban je ba.

Wanda ba ɗan garin nan ba zai ce to mene ne abin labari a ciki? Ɗan Gombe kuwa ya san abin da nake nufi. A kan teburin falona a ranar akwai katin gayyata uku: ɗaurin aure a Pantami ƙarfe 11 na safe, wani a Kumo bayan azahar, ga walima a Tumfure da la'asar. Wannan ban da waɗanda aka watsa a zaurukan WhatsApp, da taron tsofaffin ɗalibai, da na ƙungiyar unguwa. Ranar da gwamnati ta ce ma'aikaci ya huta, ita ce ranar da ya fi shan man mota, ya fi shan rana, ya dawo gida da magariba hula a karkace, babbar riga ta jiƙe da gumi. Litinin ta yi ka ji yana cewa ya yi hutun ƙarshen mako. Hutun jaki da kaya a ka.

Kada a ji ni ba daidai ba. Zumunci a ƙafa yake, amsa gayyata kuma haƙƙi ne da addini ya ɗora mana, jana'iza da duba mara lafiya ba a ma maganarsu. Na aika gudummawata, na buga waya na ba da haƙuri tun daren Juma'a. Amma tsakanina da ku, akwai bambanci tsakanin ɗan'uwan da ya tako har ƙofar gidanka ya ce ka zo, da hoton katin da aka jefa wa mutum ɗari biyu a lokaci guda, wanda ko angon bai san sunan rabinsu ba.

Ita kanta Asabar ɗin, in muka duba, baƙuwa ce a wurinmu. Kakanninmu hutun da suka sani na Alhamis da Juma'a ne, shi ne har gobe hutun makarantar allo. Manomi kuwa damina ce kalandarsa, ɗan kasuwa ranar cin kasuwa. Bature ne ya zo da Lahadi, Asabar ta biyo baya. Ko a can ƙasashensu ba daɗaɗɗen abu ba ne, don sai a 1926 ne Henry Ford mai ƙera motoci a Amurka ya mayar da ma'aikatansa aikin kwana biyar a mako. Saudiyya ma sai a 2013 ta matsar da hutunta daga Alhamis da Juma'a zuwa Juma'a da Asabar. Mu kuma a nan muka haɗa biyu muka riƙe: boko na hutawa Asabar da Lahadi, Islamiyyu da yawa na hutawa Alhamis da Juma'a. Sakamakon haka yaro a gidan Bahaushe ko Bafulatanin birni ba shi da rana guda cikakkiya da zai wuni da ubansa. Asabar da sassafe ya rataya jaka sai tahfiz. Uban kuma ya kafa hula sai ɗaurin aure. Gida ya rage daga uwargida sai tulin wanki.

Abin da ya ba ni ƙofa a wannan karon shi ne Asabar ɗin ta faɗo a ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, an taƙaita zirga-zirga da safe, makarantar yaran kuma tana hutun zango. Manya za su tuna wannan al'ada gadon mulkin soja ce, daga shirin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon, da aka shigar da tsaftar gari cikinsa a 1985. A da mutane kan fito da tsintsiya da shebur don tsoron bulala. Yanzu akasarinmu, mu faɗi gaskiya, barci muke ƙarawa har a buɗe hanya. Ni ma haka na saba. Ranar nan dai bayan na dawo daga sallar asuba sai na tsaya a tsakar gida na ƙare wa gidan kallo, kamar baƙon da ya zo neman haya.

Jama'a, gidan GRA daɗin gani gare shi daga waje. Dogayen katangu, inuwar dogonyaro da mangwaro, titi shiru ba hayaniyar 'yan acaɓa kamar Jekadafari ko Bolari. Amma wanda ya ƙirƙiro irin wannan tsarin unguwa bai tsara ta don mutum ya share da hannunsa ba. Asalin unguwannin nan a garuruwan Arewa wurin zaman Turawan mulki ne. Dokar Gwamna Lugga ta 1917 har tazara ta gindaya, yadi 440 na fili tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, wai don kada sauron da ya cije mu ya je ya cije su. Baturen da ke cikin irin wannan gida yana da kuku, yana da boyi, yana da mai ban ruwan fulawa, yana da mai wanki da guga, duk an jera su a boskwata can baya. Da suka tafi sai muka gaji faɗin filin da tsarin ginin, amma albashinmu bai gaji rundunar ma'aikatan ba. Aikin mutum huɗu ya koma kan mace ɗaya, in an ci sa'a da 'yar yarinya mai taya ta.

Na ɗauki doguwar tsintsiyar yanar gizo na fara da baranda. Maman yara ta leƙo daga kicin, ludayi a hannu, ta tsaya tana kallona.

Ta ce, "Malam, lafiya dai ko?"

Na ce lafiya lau.

Ta ce, "Baƙi za mu yi ne?"

Wannan tambaya ta fi zagi ciwo, don ta gaya mini iya lokutan da ake ganina da tsintsiya.

Hunturu ne, kun kuwa san ƙurar Gombe ba ta neman izini. Gari ne a cikin kwari, ƙasarsa yashi, iska na tasowa sai ta sauke kayanta a kan ragar taga. Na ce wa babban ɗana ya ɗauko tsani mu ciro ragogin. Da muka zuba musu ruwa, abin da ya gangaro kamar kunun kanwa. Muka hau kan fanka, kowane reshe da gashin ƙura kamar gemun bunsuru. Shekara nawa ina kwana a ƙarƙashin fankar nan ban taɓa ɗaga kai na tambayi wanda ke goge ta ba. Ashe maman yara ce ke ɗora kujera a kan tebur ta hau, ranar da ba na nan. Ban ce komai ba, na ci gaba da murza tsumma.

Sai maganar ruwa. Ruwan famfonmu daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, tun aikin da aka yi zamanin Gwamna Danjuma Goje, kuma duk matar aure a garin nan ta san ranar da ya zo ba ranar wasa ba ce. Ranar nan ya zo da ƙarfinsa tun dare. Aka cika tanki, aka cika durom, aka jiƙa labule da zannuwan gado. Ni aka ba ni ɗauraya da shanya, don an ce ban iya cuɗa ba, sabulu kawai nake ɓarnatarwa. Na yarda. Sai ƙarfin hali ya ɗebe ni na ce bari in wanke hulunana da kaina maimakon kai wa mai wankin hula. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce wankin hula kan kai mutum dare. Biyu na wanke, ɗaya ta fito kamar an zauna a kanta. Sana'a dai sai mai ita, na tattara sauran na mayar cikin leda.

Ina cikin shanya wani maƙwabcina ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, ya sha shadda yana ƙamshi, zai wuce ɗaurin auren Pantami. Ya gan ni da zanen gado a kafaɗa, wando a naɗe. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "A'a, Malam, yaushe aka yi juyin mulki a gidan nan?"

Kun san kalmar da ke bayan wannan dariya, mijin-ta-ce. Ita ce sandar da muke korar junanmu da ita daga aikin gida. Abin mamaki, mu ne kuma muke zama a majalisin karatu muna jin yadda Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, in lokacin salla ya yi ya fita. Mu gyaɗa kai mu ce Allahu Akbar, mu dawo gida mu miƙe ƙafa mu ce a kawo ruwa. Na ce wa maƙwabcin nawa ya gaishe mini da ango. Ya tafi yana girgiza kai.

Kafin azahar gida ya ɗauki wani irin ƙamshi, na sabulu da jiƙaƙƙiyar ƙasa da turaren wuta. Aka yi ɗanwake da mai da yaji, aka yanka ƙwai da tumatir a kai. Ban san ko yunwar aiki ce ba, amma rabon da in ji daɗin ɗanwake haka na manta. Na yi sallah, na ɗan kishingiɗa, bayana yana ba ni labarin tsani.

Bayan la'asar aka zo kan abin da yara ke jira, kallo. A nan ne rigima ta tashi, don a gidan mutum shida ra'ayi shida ne. Babban yana son fim ɗin Indiya na faɗa, fassarar Algaita, inda jarumi ke dukan mutum talatin yana zuba karin magana da Hausar Kano. Ƙanwarsa tana bin wani dogon shirin Turkiyya. Maman yara an wuce ta a Labarina tana son ta cimma. Auta katun. Hajiyata kuwa, da ke zaune tare da mu, ta ce ita in ba Ibro ba ne a ƙyale ta da carbinta, Allah Ya jiƙan Rabilu Musa, tun Disambar 2014 da ya rasu ta ce dariya ta ragu a fim.

A ranakun da aka saba, wannan rigima ba ta ma tasowa, kuma rashin tasowarta shi ne abin da ke damuna. Kowa zai ja wayarsa ya shige ɗaki, ya toshe kunne. Gida ya yi tsit kamar ana zaman makoki, alhali fim biyar ake kallo a cikinsa lokaci guda. Sai ka ji dariya daga wani ɗaki, ba ka san abin da aka yi wa ita ba.

Ku tuna yadda fim ya shigo gidajenmu. Zamanin silima, irin su Rex da Palace da Plaza a Kano, kallo na maza ne, mazan ma ba kowane ba, don ɗan mutunci ba ya so a gan shi a layin tikiti. Matar aure kuwa sai dai ta ji labarin Mother India a bakin ƙanenta. Bidiyo ce ta sauya wannan. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, aka biyo da su Gimbiya Fatima, fim ɗin Hausa ya tsallake zaure ya shiga har tsakar gida. Tun asalinsa ɗan ɗaki ne, matan aure ne suka raine shi da kuɗin cefane. Wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna aiken da ake yi masa shagon haya, a ce ka karɓo na ɗaya da na biyu, kada ka yarda a ba ka mai cin zare. Gidan da ke da bidiyo ya zama dandalin unguwa. Yara a ƙasa, mata a kan tabarma, takalma tuli a bakin ƙofa. In an zo wurin da bai kamata yaro ya gani ba, akwai babbar da za ta yi gyaran murya ta ce a wuce nan. In mugu ya ƙulla sharri, ɗaki gaba ɗaya ya ɗauki Allah ya isa. Rabin daɗin fim ɗin a bakin 'yan kallo yake.

Daga kaset aka koma faifan CD, daga nan aka koma masu tura fim a waya a bakin kasuwa. Arewa24 ta zo a 2014 ta ɗan sake tara mu gaban akwati ɗaya da shirin Dadin Kowa, wanda mu mutanen Gombe sunan kaɗai ya isa ya sa mu ji kamar namu ne, ko da yake garin cikin shirin ƙirƙirarre ne. Sannan YouTube ya kwashe kowa, su Izzar So suka koma cikin tafin hannu. Ban ce ci gaba laifi ne ba. Mai gadi a bakin ƙofa yanzu yana kallon abin da a da sai gidan mai hali. Amma an ba kowa nasa allon, an ɗauke mana tabarmar.

Don haka na kafa doka irin ta mulkin soja, tunda ranar tsaftar muhalli ce. Na ɗauko faifai na ce kowa ya ajiye wayarsa a kai, har da ni. 'Yata ta dube ni kamar na ce a yanke mata hannu. Na ce fim ɗaya za a kalla, kuma Hajiya ce za ta zaɓa, in ban da Ibro, don mun haddace su. Ta yi shiru, ta ja carbi biyu, ta ce a sa mata Sangaya.

Yaran ba su taɓa jin sunansa ba. Na gaya musu fim ne na kamfanin Sarauniya da ya fito a 1999, wanda waƙarsa ta cika kowace motar haya da kowane gidan biki a lokacin. Da Ali Nuhu ya bayyana, siriri, fuska ba ko gemu, sai ihu ya tashi. "Abba, wai wannan shi ne?" Na ce shi ne, wanda tun Janairun 2024 yake shugabantar hukumar fina-finai ta ƙasa. Hajiya ta ƙara da cewa ai ɗan gida ne, mahaifinsa mutumin Balanga ne. Ba a taɓa ambatonsa a gabanta ba ta faɗi wannan ba.

Hoton ya dusashe, sautin yana shaƙewa, yaran suna ta dariyar ɗinkunan zamanin. Minti ashirin da farawa aka ɗauke wuta. Kafin cire tallafin mai a Mayun 2023 da tuni an tayar da janareta ba tare da an tambaye ni ba. Yanzu kuwa sai da aka dube ni, ni ma na dubi aljihuna, muka juya kan ɗan batirin sola, aka kashe fanka da firij don talabijin ya rayu. Hunturu ya yi mana rana.

Sannu a hankali dariyar ta lafa. Labarin Zubaina ne, wadda Fati Muhammad ta fito a matsayinta, yarinya mai hidima a gidan sarauta, ana wulaƙanta ta, ɗan sarki kuma zuciyarsa na wurinta. Ina cikin kallo sai idona ya faɗa bakin ƙofar falo. Yarinyar da ke taya maman yara aiki ce a tsaye, rabin jikinta a waje, kwano a hannu tana gogewa, idonta a kan allo. Kullum a nan take tsayawa in ana kallo, ashe, ni ne ban taɓa lura ba. Mu shida muna zaune muna jin tausayin 'yar aikin cikin fim, ta gidanmu tana tsaye.

Hajiya ce ta riga ni. Ba ta ko juya ba ta ce, "Ke 'yar nan, ajiye kwanon nan ki zo ki zauna, kina tare mana iska." Ta matsa mata a kan dardumarta. Yarinyar ta zauna a ɗarare, kafin a jima ita ce ta fi kowa tsinewa masu ƙulla wa Zubaina sharri.

Masu saurare, da yawa daga cikin gidajen unguwar nan da ake cewa ana hutawa ranar Asabar, hutun a kan wuyan irin waɗannan yara yake, su da almajirin da ke zuwa wanke-wanke da shara a ba shi ɗumame. Ita ba ta da Asabar, ba ta da Alhamis. Maigida in zai lissafa mutanen gidansa ba ya sa ta a ciki, kun dai ji ni ma ɗazu shida na ce.

Aka kira magariba saura kaɗan fim ya ƙare, muka dakatar. Da muka dawo daga masallaci na tarar mata sun ƙi jira, sun ƙarasa abinsu, auta ya tare ni a ƙofa zai ba ni labarin ƙarshen, wanda na sani tun kafin a yi auren uwarsa. Na bar shi ya faɗa. 'Yata, wadda ɗazu ta kusa kuka don waya, ita ce ke tambayar kakarta wai da gaske a da mutane sukan cika ɗaki ɗaya don kaset guda? Hajiya ta gyara zama. Hirar ta kai su har bayan isha, daga kaset aka gangara zuwa tashe, daga tashe zuwa zamanin da jirgin ƙasa ke tsayawa a tashar Gombe ana lodin auduga da gyaɗa. Maman yara ta kawo shayi, ta miƙo mini kofi, ta ce, "Malam, ragar tagar kicin fa ba ku mayar ba." Na ce gobe. Ta ce, "Allah Ya kai mu," da irin muryar da na gane.

Sai wajen ƙarfe 10 na dare na ɗauki wayata daga kan faifai. Kira goma sha ɗaya. Huɗu daga ciki na Goggona ne, wadda ɗaurin auren Kumo na jikan ƙawarta ne. Na kira ta ina shirya kalaman ban haƙuri. Ko sallamata ba ta gama amsawa ba ta ce, "An ce an gan ka kana shanya. Matar taka ba ta da lafiya ne?"

Na ce lafiyarta ƙalau, Goggo.

Ta ce, "To gobe ka zo ka yi mini bayani."

Lahadi da hantsi na kafa hular nan da ta sha wanki a hannuna, na kama hanyar Kumo. Ragar tagar kicin kuwa, a daidai wannan lokaci da nake magana da ku, tana nan jingine a bayan tanki.